Yadda ake haɗa turaren maza mai nauyi na lokacin sanyi: ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, katakon ganga da busassun 'ya'yan itace

A Turai da Amurka, da zarar Satumba ta kama, shagunan turare kan ture masu ƙamshin lemo gefe su fito da masu duhu da nauyi. Lokacin ne ganye ke zubewa yana ruɓewa a kan ƙasa mai danshi, ake girbin inabi, sanyi kuma ya fara shiga jiki. Turaren maza na wannan lokaci abu uku yake kwaikwayo: ƙasar daji bayan ruwa, katakon gangar da barasa ta shekara a cikinta, da zaƙin busassun 'ya'yan itace haɗe da kayan yaji. Wanda ya taɓa shinshina Tobacco Vanille na Tom Ford da ya fito a 2007, ko Jazz Club na Maison Margiela na 2013, ko Angels' Share na Kilian na 2020, ya san dangin da ake nufi. Khamrah na Lattafa, wanda ya fito a 2022 ya kuma cika kasuwanninmu, ɗan gidan ne, sai dai zaƙinsa ya rinjayi ƙasarsa.

Ƙamshin da ake alaƙantawa da barasa a cikin irin wannan turare ba daga barasar yake fitowa ba. Koniyak, wata barasar inabi ta Faransa, idan aka gama tace shi, fari ne tas. Launinsa da yawancin ƙamshinsa daga gangar katakon wani itace mai suna ok yake samo su, katakon da akan saro a dazukan Limuzan da Turonse na Faransa. Katakon ne ke ba da banilin, sinadarin ƙamshin banila mai zaƙi, da wani sinadari mai ƙamshin kwakwa da itace, da ɗan yaji irin na kanumfari. Ƙamshin 'ya'yan itacen kuma daga sinadaran da ake kira esta yake zuwa. Duk waɗannan ana samun su daban-daban a kwalba, don haka ana gina ƙamshin ba tare da ɗigon abin sha ba. Wanda ma ya zuba barasar gaske a turare ya ɓata aikinsa: fiye da rabinta ruwa ne, za ta dagula haɗin ya yi hazo, ƙamshinta kuma ba ya minti goma a fata.

Abin da ke raba mai kyau da marar kyau a wannan dangi shi ne rinjayen ƙasa a kan zaƙi. Zaƙi ba shi da wuyar samu, banilin kaɗan ya wadatar. Idan babu ƙasa da katako masu ƙarfi da za su riƙe shi, turaren zai tashi daga na dattijon namiji ya koma ƙamshin shagon kek. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka ginu.

Sanin kayan haɗin

Ɓangaren ƙasa ginshiƙansa biyu ne. Na farko fachuli, man ganyen wani tsiro da Indunusiya ta fi kowace ƙasa nomawa. Sabon fachuli yana da kaifi irin na kafur, tsohon kuwa ya kwanta, ya yi kauri, yana ƙamshin ƙasa da koko. Yana cikin mayukan da shekaru ke ƙara wa daraja, don haka ka nemi mai duhu wanda ya kwana biyu. Na biyu betiba, man saiwar wata ciyawa 'yar uwar jema da ke fitowa a fadamunmu. Na Haiti ya fi tsabta da laushi, na tsibirin Jaba yana da hayaƙi da ɗaci. Mai farawa ya ɗauki na Haiti. A kan waɗannan biyu ake ɗora man itacen sida na Bajiniya, mai ƙamshin feƙaƙƙen fensir, da ɗan tsantsar gansakukar itacen ok, wadda ke kawo danshin daji da ɗacin da babu wani abu da ke maye gurbinsa sosai.

Ɓangaren ganga shi ne mai wuyar daidaitawa. Dabana man wani tsiro ne da ake nomawa a kudancin Indiya, musamman jihar Karnataka, ɗan uwan tazargade. Ƙamshinsa na 'ya'yan itacen da suka nuna har suka fara tsami ne, kuma shi ne zuciyar abin da hanci ke fassarawa da barasa. Aikinsa kamar na kanwa a miya yake: kaɗan ya gyara, ya yi yawa ya ɓata tukunya. Tsantsar katakon ok ita ke ba da busasshen ƙamshin ganga. Etil heftanowet, esta ce da ake haɗawa a masana'anta, ita ke ba da wannan ɗan tashin da ke bugun hanci a mintunan farko. Sai tsantsar ganyen taba, mai ƙamshin harawa da zuma da fata. Akwai kuma man koniyak da ake tatsa daga dusar giyar inabi, wanda da gangan ba a sa shi cikin wannan haɗi ba.

Kada ka yi ƙoƙarin jiƙa ganyen taba da kanka don ka sami tsantsarta. Nikotin yana narkewa a cikin abin jiƙon, yana kuma ratsa fata, guba ne. Ka sayi wadda aka yi domin turare.

Ɓangaren ɗumi da zaƙi ya ƙunshi labdanum, ƙaron wani tsiro da ake tarawa a kudancin Sifen, mai ƙamshin ambar da fata, da benzoyin, ƙaron itace daga Lawos ko Sumatara, da banilin, da kumarin, sinadarin da ke cikin ƙwayar tonka ta Kudancin Amurka, mai ƙamshin busasshiyar ciyawa da almon. Kumarin tsohon hannu ne a turaren maza: William Perkin ya haɗa shi a ɗakin gwaji a 1868, kamfanin Houbigant ya gina Fougère Royale a kansa a 1882, tun daga nan bai bar turaren maza ba. Iso E Super kuma, wani sinadari mai ƙamshin katako da kamfanin IFF ya samar a 1973, shi ke buɗa haɗin ya ba shi iska don kada ya cushe.

Tunda da Turanci ake rubuta sunayen a jikin kwalabe, ga abin da za ka nema wurin mai sayarwa: patchouli, vetiver, cedarwood Virginia, oakmoss absolute, davana, oakwood extract, ethyl heptanoate, tobacco absolute, labdanum absolute, benzoin resinoid, vanillin, coumarin, bergamot FCF. Ka bambanta waɗannan da madarar turaren da aka riga aka haɗa, irin wadda ake aunawa a kasuwa da sunayen manyan turaruka. Waccan gamammen haɗi ce, ba ka san abin da ke cikinta ba, ba za ka iya gina lissafi a kanta ba.

Mataki na farko: kayan aiki da abin sirki

Sikeli mai auna har 0.01 na giram shi ne abu na farko da za ka saya. Lissafi da ɗigo yaudara ne, domin ɗigon betiba mai kauri da ɗigon man lemo ba nauyinsu ɗaya ba, har bakin abin ɗigawar ma yana canza girman ɗigo. Sai ƙananan kwalaben gilashi masu duhu na mililita 10 kamar ashirin, da kwalba ɗaya ta mililita 30, da bututun ɗigawa na roba masu yawa, kowane abu da nasa. Ka yanka farar takarda mai kauri marar sheƙi siri-siri don gwaji. Ka tanadi littafin rubutu, kowane awo ka rubuta shi kafin ka zuba na gaba.

Abin sirki iri biyu ne. Turaren fesawa da etanol, wato tataccen alkohol, mai ƙarfin kashi 95 ko 96 cikin ɗari ake yin sa, wanda aka tanada domin turare. Turaren murzawa kuma da DPG, wani ruwa mai ɗan kauri marar ƙamshi. Malamai sun yi saɓani a kan turaren da aka sirka da etanol. Wanda ransa bai kwanta da shi ba ya bi hanyar DPG tun daga farko har ƙarshe, ya kuma tambayi mai sayarwa da me aka sirka duk abin da ya zo a sirke. Abin da babu saɓani a kansa shi ne sifirit na shago wanda ba a san asalinsa ba: wani yana ɗauke da metanol, wanda ke illata ido da jijiyoyi. Kada ya kusanci fatarka. Etanol kuma yana kama wuta nan take, don haka ba a aiki da shi kusa da risho, gawayi ko kasko na turaren wuta.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne amfani da man kwakwa ko man hohoba a matsayin abin sirki. DPG ba ya gauraya da su, banilin da benzoyin ma ba sa narkewa a cikinsu da kyau. Sakamakon shi ne kwalba mai hawa biyu da guda-guda a ƙasa.

Mataki na biyu: sirka masu ƙarfi

Wasu kayan sun yi ƙarfin da ba za a iya auna su tsantsa a ƙaramin haɗi ba. Ka sirka waɗannan zuwa kashi 10 cikin ɗari, wato giram 1 na abin a cikin giram 9 na DPG: banilin, kumarin, gansakukar ok, tsantsar katakon ok, taba, dabana, man ɓawon kirfa, man kanumfari, da etil heftanowet. Idan kayan sun yi tsada, giram 0.5 a cikin 4.5 ya isa. Banilin da kumarin gari ne, sai ka rufe kwalbar ka tsoma ta a ruwan ɗumi kana girgizawa har ƙwayar ƙarshe ta ɓace.

Labdanum da benzoyin rabi da rabi ake yi musu, giram 5 a cikin giram 5. Suna da danƙo ƙwarai, ba sa zubuwa sai an ɗumama su. Ka sa kwalbarsu a ruwan da zafinsa bai wuce digiri 50 ba na minti goma sha biyar, ka ɗebo da tsinken ƙarfe mai tsabta. Sau da yawa benzoyin yana zuwa a sirke rabi da rabi tun daga kamfani, ka duba jikin kwalba kada ka sake sirka shi. Ka rubuta suna da ƙarfi da kwanan wata a kan kowace kwalba, ka bar su kwana biyu kafin ka taɓa su.

Mataki na uku: daidaita ƙasa tukuna

Kafin ka haɗa komai, ka san yadda fachulinka da betibarka suke zama da juna, domin na kowane mai sayarwa daban ne. Hanyar da Jean Carles, wanda ya kafa makarantar turare ta kamfanin Roure a garin Giras na Faransa a 1946, ya koyar ita ce mafi sauƙi: abu biyu, a gwada su a ma'auni daban-daban. Ka ɗauki kwalabe uku. A ta farko fachuli 0.7 da betiba 0.3 na giram, a ta biyu 0.6 da 0.4, a ta uku rabi da rabi. Ka ƙara wa kowace giram 4 na DPG, ka tsoma takarda a kowace, ka shinshina bayan awa ɗaya, sannan washegari. Wadda kake nema ita ce wadda ba ka iya cewa ga fachuli ga betiba, sai dai ƙamshi guda na ƙasa mai sanyi. Galibi tana faɗowa kusa da 0.6 da 0.4, kuma a kan haka aka gina lissafin da ke tafe. Idan taka ta bambanta, ka gyara lambobin fachuli da betiba a lissafin, 12 da 7, amma jimillarsu ta tsaya a 19.

Mataki na huɗu: haɗa madarar

Lissafin kashi 100 ne. Idan kowane kashi ya zama giram 0.1, za ka sami giram 10 na madara.

Tushe, kashi 70:
Iso E Super 16
fachuli 12
sida 7
betiba 7
labdanum na rabi da rabi 7
benzoyin na rabi da rabi 6
banilin sirkakke 6
kumarin sirkakke 6
gansakukar ok sirkakkiya 3

Tsakiya, kashi 20:
tsantsar katakon ok sirkakkiya 5
taba sirkakkiya 5
dabana sirkakke 5
man kirfa sirkakke 2
man kanumfari sirkakke 2
man gyaɗar ƙamshi irin ta kek, tsantsa, 1

Sama, kashi 10:
bargamot, man ɓawon wani irin lemo, 4
man ɓawon lemon zaƙi 2
man baƙin masoron Indiya 2
etil heftanowet sirkakke 2

Ka ɗora kwalbar mililita 30 a kan sikeli, ka mayar da shi sifili. Ka fara da masu danƙo, labdanum da benzoyin, domin idan hannu ya zarce a kansu tun kwalba ba komai, gyara ba wuya. Bayan kowane abu ka rubuta ainihin abin da sikeli ya nuna, ba abin da ka yi niyya ba, sannan ka sake mayar da shi sifili. Idan ka gama tushe ka dakata, ka girgiza, ka tsoma takarda. A wannan matsayi ya kamata ka ji ƙasa da katako a gaba, zaƙi yana biye a baya. Idan tun yanzu zaƙi ne ke sallama, kada ka ci gaba: ka ƙara betiba kashi 1 da sida kashi 1, ka sake gwadawa. Abin da za ka zuba a tsakiya zai ƙara zaƙi ne, ba zai rage ba.

Dabana ka zuba kashi 3 tukuna, ka riƙe 2 sai bayan mako guda. Ƙarawa tana yiwuwa kullum, cirewa ba ta yiwuwa.

Lambobin yaji da gansakuka ba na ado ba ne. Ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA, wadda aka kafa a 1973, ta ƙayyade gansakukar ok a kashi 0.1 cikin ɗari na gamammen turaren jiki, saboda tana jawo ƙaiƙayi da kuraje ga wasu. Tarayyar Turai ma a 2017 ta haramta sinadarai biyu da ke cikinta, atranol da kuloroatranol, don haka ka sayi wadda aka rage wa su. A wannan lissafi, idan madara ta zama kashi 25 na turare, gansakukar za ta tsaya a 0.075, a kashi 30 ta kai 0.09. Kada ka wuce 30. Man ɓawon kirfa yana ƙona fata idan ya yi yawa, man gyaɗar ƙamshi kuma yana ɗauke da safrol wanda shi ma aka ƙayyade, shi ya sa aka tsayar da shi a kashi 1. Bargamot na asali yana sa fata ta yi baƙin tabo idan rana ta buge ta, kuma ranarmu ba ta wasa ba ce. Haruffan FCF a jikin kwalba na nufin an cire sinadarin da ke jawo hakan.

Mataki na biyar: tsumawa da tacewa

Ka rufe madarar da kyau ka ajiye a wuri mai duhu da sanyi na mako biyu, kana girgizawa sau ɗaya a rana a makon farko. A rana ta farko za ka ji kowane abu yana magana shi kaɗai, kirfa a gefe, fachuli a gefe. Kada ka yanke hukunci a lokacin. A ƙarshen makon farko ne za ka duba ko ana bukatar ragowar dabana.

Na fesawa: giram 10 na madara a cikin giram 30 na etanol. Wannan zai ba ka kusan mililita 47, daidai kwalbar 50. Da yake madarar kanta tana ɗauke da DPG, ainihin kayan ƙamshin da ke cikin turaren kusan kashi 15 ne cikin ɗari, wato ƙarfin da kamfanoni ke rubuta wa eau de parfum. Ka bar shi ya tsumu mako huɗu, shida ya fi. Ƙaro da saiwa ba sa sauri. Bayan nan ka sa kwalbar a firji, ba wurin ƙanƙara ba, na kwana biyu, don kakin da ke cikin labdanum da taba ya daskare ya fito fili. Ka tace da takardar tace kofi tun yana da sanyi, ka rufe bakin mazurarin da faranti don kada etanol ya tsere. Idan ka bari ya huce kafin tacewa, kakin zai sake narkewa ya wuce.

Na murzawa: giram 3 na madara a cikin giram 7 na DPG, a kwalbar mililita 10 mai ƙwallo a baki. Mako uku ya ishe shi, ba ya bukatar firji. Sai dai ka san cewa DPG yana danne tashin farko. Ƙamshin gangar zai fito a hankali, kusa da jiki, ba zai cika ɗaki ba. Idan kana so ya ɗan ɗaga, ka mayar da etil heftanowet kashi 3, bargamot 5, ka rage Iso E Super zuwa 14.

Kafin ka shafa sosai, ka ɗiga kaɗan a cikin gwiwar hannu ka bar shi kwana biyu. Ja, ƙaiƙayi ko zafi na nufin ka dakata. Waɗanda aka fi zargi su ne kirfa, gansakuka da benzoyin.

Sauraron turaren da gano inda ya karkace

Ka gwada a fata, ka shinshina bayan minti biyar, rabin awa, awa biyu, awa shida, sannan ka duba takardar gwaji washegari. A minti biyar ya kamata a ji ɗumin 'ya'yan itace da yaji yana tashi. A rabin awa taba da katako su karɓa. Daga awa biyu zuwa sama ƙasa da ambar ne za su zauna, zaƙi yana leƙowa daga ƙarƙashinsu.

Idan ya koma ƙamshin alewa bayan awa biyu, banilin da benzoyin sun rinjayi tushe. A haɗi na gaba ka rage banilin zuwa 4, ka ƙara betiba 2. Don ceto wanda ke hannu, ka haɗa ƙaramin tushe marar zaƙi, fachuli da betiba da sida da Iso E Super, ka riƙa ƙarawa rabin giram rabin giram.

Idan yana warin maganin haƙori, kanumfari ne. Sinadarin da ke cikinsa shi likitocin haƙori suka daɗe suna amfani da shi, hanci kuma ya riga ya haddace. Ka rage shi zuwa kashi 1 ko ka cire shi, kirfa da gyaɗar ƙamshi za su riƙe wurin.

Idan yana warin maganin tari ko ruɓaɓɓen mangwaro, dabana ya zarce, ko kuma etil heftanowet. Bambancinsu a lokaci yake: na estar yana gushewa cikin minti goma sha biyar, na dabana yana nan har awa biyu.

Idan yana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, fachulin sabo ne ko ya yi yawa. Ka bar kwalbar fachulin a buɗe na 'yan awanni kafur ɗin ya ragu, ko ka nemi tsoho. Warin toka ko ƙonannen itace kuwa daga betibar Jaba yake. A raba ta biyu da ta Haiti.

Idan kai ba ka jin komai bayan minti ashirin alhali mutane na cewa ya cika wuri, hancinka ne ya gaji, kuma Iso E Super ya shahara da haka, yana ɓacewa ya dawo. Kada ka ƙara ƙarfin turaren saboda wannan. Ka fita ka sha iska, ka tambayi wani. Shinshina 'ya'yan kofi ba ya wanke hanci, wani ƙamshin ne kawai ka ɗora a kan wani.

Idan ya yi hazo, ko etanol ɗin yana da ruwa da yawa, ko ɗaya daga cikin mayukan an yi masa algus da man girki. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka ɗiga kowane mai a farar takarda ka bar shi kwana ɗaya ko biyu. Man lemo da bargamot da masoro na gaskiya suna bushewa ba tare da tabon maiƙo ba. Masu nauyi irin fachuli da betiba sukan bar launi, don haka su sai a gwada su a etanol: ɗigo ɗaya a cikin ɗigo goma, na gaskiya zai narke tas, mai algus zai bar ƙwayoyin mai suna yawo.

Idan launinsa ya yi ta duhu da watanni, banilin ne ke yin haka da iska da haske, kuma fachulin da aka dafa a tukunyar baƙin ƙarfe yana ƙara abin. Ƙamshin bai lalace ba, amma tabonsa gaskiya ne.

Mai son ya kusanto da ƙamshin gida yana iya jiƙa kajiji: giram 10 na busasshe dakakke a cikin giram 90 na etanol, mako shida, a tace, a maye gurbin giram 5 na etanol ɗin sirki da shi. Yana ƙara wa ɓangaren ƙasa wani ɗaci mai daɗi da ya dace da betiba. Dabino kuwa kada a jiƙa shi, sukarinsa ne zai fita ya sa turaren danƙo, ƙamshin ba zai biyo ba.

Shafawa da ajiya

A ƙasar Hausa lokacin wannan turare shi ne daga ƙarshen kaka zuwa hunturu, Nuwamba zuwa Fabrairu, musamman da safe da bayan magariba. A zafin bazara banilin da ƙaro suna kumbura su shaƙe mai shafawa da na kusa da shi, a sahun salla ko a cikin mota. Iskar hunturu kuma busasshiya ce, busasshiyar fata ba ta riƙe ƙamshi. Ka fara shafa mai marar ƙamshi, ko ɗan Vaseline, a wurin da za ka sa turaren. Fesa biyu sun isa, ɗaya a ƙirji ƙarƙashin riga, ɗaya a bayan wuya. Na murzawa a wuyan hannu da bayan kunne.

Kada ka fesa shi a kan farar shadda ko hula mai haske. Labdanum da taba da fachuli duk masu launi ne, tabonsu kuma yakan ƙara fitowa bayan guga ko bugu. Idan kana son ƙamshin ya zauna a tufa, ka fesa a singileti ko a cikin babbar riga mai duhu, daga nesa da kamar taƙi ɗaya.

Kwalbar ka ajiye ta cikin kwalinta, a ƙasan durowa, nesa da taga. Mota ita ce wuri mafi muni. Man lemo da bargamot ne ke fara lalacewa, kuma idan suka tsufa sun fi saurin jawo ƙaiƙayi, don haka ragowar waɗannan biyun a firji ake ajiye su, a yi amfani da su cikin shekara guda. Idan turaren ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku na kwalba, ka juye shi a ƙaramar kwalba don iskar da ke samansa ta ragu.